Kukuma Babu Ubangida: Nazarin Rayuwar Wani Mawaƙin Zango a Kumasi

Kiɗan gargajiya na Hausa an gina shi ne a kan ubangida. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ɗan Anace yana da 'yan dambensa, kalangu na mahauta ne, garaya ta maharba, dundufa ta maƙera, kuma ko makaɗin da ke yawo gari-gari ya san ƙofar da zai tsaya a ba shi masauki. Saboda haka idan aka ce ga mawaƙin gargajiya mai cin gashin kansa, wanda ba ya ƙarƙashin sarki ko attajiri ko kamfanin faifai ko jam'iyya, abin da ya kamata a fara bincika shi ne wa ke ciyar da shi, domin daga nan ake gane waƙar da bakinsa zai iya furtawa da wadda dole ya haɗiye.

Mutumin da wannan nazari ya shafa mazaunin Aboabo ne, ɗaya daga cikin manyan unguwannin Zango na Kumasi a ƙasar Gana. Ya ba hamsin baya, kuma da yawa daga maƙwabtansa sun fi saninsa da keken ɗinki a kan kiɗa, don tela ne mai ɗinka kayan maza a wani ƙaramin shago. An sakaya sunansa kamar yadda ya nema, za a riƙa kiransa mai kukuma. Bai taɓa karɓar lambar yabo ba, ba a ganinsa a talabijin, amma a Aboabo da Asawase da Sawaba da Yalwa akwai waƙoƙinsa da mata ke rerawa wajen wanki ba tare da sun san wanda ya ƙaga su ba.

Gidan mahauta

Kakansa na wajen uba ya fito daga ƙasar Katsina ya biyo tsohuwar hanyar Gwanja, sai dai ya iso bayan hanyar ta riga ta sauya. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fataken goro zuwa Kete Krachi da Kintampo da Atebubu, Turawan Ingila suka kama Kumasi a 1896, jirgin ƙasa ya iso garin daga Sekondi a 1903, daga nan goro ya koma bin dogo da teku zuwa Ikko maimakon bayan jakuna. Zangon Kumasi ya cika da Hausawa da Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa da Wangarawa da Yarbawa, Hausa kuwa ta zama harshen da duk suke haɗuwa a kansa. Kakan bai yi arziki a goro ba, ya koma fawa, sana'ar gidansu, ɗansa ma ya gaje shi a mayanka.

Gidan mahauta ba ya rabuwa da kalangu. A zamanin mahaifin akwai makaɗin da ke bin mahautan unguwar, yana kaɗa wa kowa takensa ranar suna ko aure ko Sallah, ana ba shi nama da kuɗi. Wannan alaƙa ta yanke a watan Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. Mahaifin ya tsira saboda a Kumasi aka haife shi kuma yana da shaida, amma makaɗin kalangun ya hau motar Najeriya da iyalinsa, bai sake dawowa ba. Mai kukuma an haife shi bayan wannan, ya taso yana jin labarin taken gidansu a bakin manya ba tare da ya taɓa jin an kaɗa shi ba. Kiɗan Hausa da ya fara shiga kunnensa ya fito ne daga rediyo da kaset: sashen Hausa na gidan rediyon Gana, da Rediyon Kaduna idan gajeren zango ya kama da dare, da kaset-kaset ɗin Mamman Shata da direbobin manyan motoci ke shigowa da su.

Yana ɗan kimanin shekara goma sojoji ƙarƙashin Rawlings suka karɓi mulki a ranar 31 ga Disamban 1981, aka kafa dokar hana fita da dare wadda ta ɗauki fiye da shekara biyu. Dokar ta kashe wasannin dare a duk ƙasar, makaɗa da yawa suka yi ƙaura ko suka sake sana'a, sannan fari da gobarar daji da yunwar 1983 suka zo daidai da dawowar 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya. Abin mamaki, a cikin wannan ƙunci ne yaron ya sami malami.

Tsohon mai gadi

Mahaifiyarsa tana sayar da tuwo, shi ne ke kai wa masu gadin wani injin katako abincin dare kafin lokacin doka ya yi. Cikin masu gadin akwai wani tsoho daga Dogon Dutsi ta Nijar, yankin da aka sani da goge da bori, wanda ya bar gida saboda dalilan da bai cika son faɗa ba. Yana ajiye gogensa cikin buhu a bayan katako, idan gari ya yi tsit sai ya fito da shi ya goga a hankali don kada sojojin sintiri su ji. Yaron yakan yi jinkiri da gangan har lokacin komawa ya wuce, ya kwana a wurin, da safe ya sha faɗa. Yana kiran tsohon Baba, tsohon kuma bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai ɗan mai tuwo.

Tsohon ya ƙi ɗora masa goge. Hujjarsa ita ce goge yana zuwa da kayan da yaro ba zai iya ɗauka ba, wato taken iskoki da sunan da mutane suka riga suka ba masu kaɗa shi a gidajen magajiya. Ya zaɓa masa kukuma, ƙanwar goge, mai ƙaramin kumbo da siririyar murya, wadda Ibrahim Na Habu ya fito da ita a arewacin Najeriya har ta zama kayan nishaɗin jama'a. Kafin ya bar shi ya ja izga, wato bakan da ake goga tsagiya da shi, ko sau ɗaya, sai da ya sa shi ya haɗa tasa da hannunsa. Ya koyi zaɓen ƙaramar ƙwarya mai kauri, da jiƙa fatar guza a ɗaure ta a bakin kumbo a kafe da ƙananan ƙusoshi, da huda ƙofar da sauti ke fita, da tsefe gashin wutsiyar doki a daidaita shi ya zama tsagiya, da sassaƙa jakin da tsagiyar ke hawa, da shafa wa izga ƙaro don ta kama. Ya kuma koyi abin da ya fi ba sabon shiga wahala: yatsun hagu taɓa tsagiya suke yi kawai, ba sa danne ta a kan sanda, don haka babu wata alama da za ta nuna wa mutum inda sauti yake sai kunnensa.

Da mahaifin ya gano, ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ɓacin ran ba na addini kaɗai ba ne. A wurinsa mahauci shi ake yi wa kiɗa, shi ke ba da kyauta, ɗansa kuwa yana neman ya koma gefen masu karɓa, a kira shi maroƙi. Ya fasa kukumar farko. Wani kawun yaron ne ya shiga tsakani aka yi sulhu: zai bar mayanka ya je koyon ɗinki, zai ci gaba da makarantar allo har ya sauke, ba zai yi kiɗa a ƙofar kowa ba muddin mahaifin na raye. An yi wannan sharaɗi don a raba shi da kukuma, amma shi ne ya ba shi sana'ar da daga baya ta riƙe kukumar. Tsohon mai gadin ya koma Nijar kafin yaron ya gama koyon ɗinki, ba su sake haɗuwa ba.

Waɗanda ya sha a hannunsu

Shekarun da aka hana shi fita kiɗa sun tafi a sauraro. Cikin mawaƙan Najeriya, Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ne sarkin kaset a Zango, amma Shata yana tafe da makaɗan kalangu da 'yan amshi, abin da yaro mai koyon ɗinki ba zai iya mafarkinsa ba. Wanda ya buɗe masa ido shi ne Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015: mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, babu ɗan amshi, yana waƙar yaran mota da leburori da zaman aure. Daga gare shi ya fahimci cewa talaka ma abin waƙa ne, kuma kayan kiɗa na iya amsa wa mawaƙi idan babu mai amsawa. Har yau haka yake tsara waƙa: ya yi ɗango da baki, kukuma ta maimaita amshi.

Na biyu su ne masu gogen Dagomba, waɗanda yake gani lokacin bikin Damba da sauran tarukan sarakunan Zango. Su gidaje ne da suka gaji kiɗan, suna fitowa da yawa a tare da masu caki, suna waƙar tarihin sarakunan Dagbon, kuma cikin tsofaffin waƙoƙinsu ana jin Hausa. Bai ɗauki yabon sarauta daga wurinsu ba, abin da ya ɗauka shi ne jan izga gajere-gajere mai sauri wanda ke sa ƙafa motsi, saɓanin doguwar jar da tsohon Dogon Dutsi ya koya masa. Wanda ya san kukumar Najeriya zai ji wannan bambanci tun a waƙar farko.

Na uku ya fito daga wajen Zango gaba ɗaya. Koo Nimo, wanda aka haifa a Foase a 1934, yana kaɗa jita irin ta dā yana ba da labari da karin magana cikin harshen Tonawa, wato mutanen Asante, alhali ya daɗe yana aikin ɗakin gwaje-gwaje a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi. Mai kukuma yana jin Tonanci kamar kowane ɗan Zangon Kumasi, kuma abu biyu suka kama shi game da dattijon: yadda waƙa ɗaya ke ɗaukar labari guda daga farko zuwa ƙarshe, da yadda mutum zai zama makaɗi ana girmama shi ba don yana roƙon kowa ba. A ganina wannan tasiri ya fi na Ɗan Maraya zurfi, ko da yake shi kansa ya fi son ambaton Ɗan Maraya, watakila saboda ya fi daɗin faɗa a gaban Hausawa.

Akwai kuma makaranta, wadda masu nazarin kiɗa kan manta da ita. Karin Ishiriniya da ake yi a watan Mauludi da waƙoƙin wa'azi na ajami sun zauna masa a kai tun yana ƙarami, kuma Gana tana da nata gadon a wannan fage, domin Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara da kuma talauci da wadata. Daga nan mai kukuma ya samo ɗabi'ar daidaita ƙarshen ɗangogi, abin da mawaƙan baka da yawa ba su damu da shi ba.

Yadda waƙa ke fitowa

Da mahaifin ya rasu ya fara fita, ya shafe shekaru yana kwaikwayon Hausar Kano da Katsina a waƙa, yana ganin ita ce Hausar da ta cancanci kukuma. Direbobin motocin albasa daga Nijar, waɗanda yakan yi wa kiɗa a inda suke sauke kaya, su suka fara nuna masa cewa abin bai zauna ba, suna dariya cikin raha idan ya sa wa namiji lamirin mace saboda ƙoƙarin gyara. 'Yan Zango kuma suna jin waƙar kamar ta baƙo. Ya koma yin waƙa da Hausar da yake ciniki da ita a shago, wadda ba ta cika rarrabe namiji da mace ba, ga Tonanci da Turanci sun shige ta. A lokacin samarin Nima na ƙungiyar VIP suna sa Hausar Zango a kiɗan zamani a Accra ana saye, wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Sauyin ya rage masa masu sauraro a Najeriya, inda wasu ke ɗaukar Hausar Gana abin ba'a, amma daga lokacin ne waƙoƙinsa suka fara zama a bakin mutanen unguwa.

Yawanci a kan keke waƙa ke zo masa. Bugun ƙafa a keken ɗinki yana ba shi kari, sai amshi ya fara zuwa, gajeren zance da ya tsinta a bakin mai kawo ɗinki ko a wurin shan ataya. Yakan yi kwanaki yana juya amshin shi kaɗai kafin ya nemo masa labari. Ba ya rubuta ɗangogi, sai dai ya rubuta kalmar farko ta kowanne da ajami a bayan littafin awo, tsakanin faɗin kafaɗa da tsawon hannun wani. Bayan Isha'i yake ɗauko kukuma ya gwada wa abokan hirarsa a bes ɗinsu, wato majalisarsu ta hira, kuma ma'auninsa ɗaya ne: idan washegari ya ji wani yana rera amshin ba da saninsa ba, waƙa ta tsaya, idan bai ji ba ya ajiye ta.

Waƙarsa da ta fi yaɗuwa a kan 'yan kayayo ce, 'yan matan arewa da ke dakon kaya a kwano a kasuwar Kejetia. Bai yi ta da sigar tausayi ba. Ya bi yarinya ɗaya daga asuba zuwa dare, yana lissafa abin da ta ɗauka, doya da tumatir da buhun shinkafa da katifar amarya, a ƙarshen kowane ɗango yana faɗin abin da aka ba ta da abin da ta biya na wurin kwana da wanka da kuɗin adashi, har mai sauraro ya yi lissafin da kansa ya ga abin da ya rage. Wata kuma a kan saurayin da ya bi ta Agadas zuwa Libiya, an yi ta da bakin mahaifiyarsa, wadda kullum take kai waya caji ko da ba mai kiranta. Wannan waƙar ya daina yinta a biki, domin a kowane taro akwai matar da labarin nata ne. Yana da raunin da ya kamata a faɗa: waƙoƙinsa na wa'azi kai tsaye, a kan shaye-shaye da tarbiyya, ba su da wannan armashi, suna faɗin abin da kowa ya riga ya ji a huɗuba.

Kumasi kanta ba garin kukuma ba ce. Ƙasar kurmi ce mai damina biyu, laima na sa fata ta saki murya ta dushe, don haka kafin ya fara wasa yakan kanga kumbon kusa da kurfoti yana ƙwanƙwasa fatar da ɗan yatsa har ta ɗaure. Doki kuma ba ya wadata a kurmi saboda tsando, gashin wutsiya sai an aiko masa daga Bawku ko Yendi ta hannun masu kawo shanu. Ya taɓa gwada zaren kamun kifi na roba, wanda ba ya tsinkewa kuma ba ya jin laima, ya ce muryarsa ba ta da ƙura, ya koma wa gashi.

Tayin da ya ƙi

Kuɗin kiɗa a Zango a biki yake. Aure yawanci ranar Lahadi ne, mata sun sha yayi, wato anko, ana liƙi, mawaƙi yana kiran sunan uwar amarya da ƙawayenta da dangin da suka zo daga Accra ko Tamale. Mai kukuma yana yin wannan, yana yabo kamar kowa, kuma ba ya ɓoyewa. Bambancin da yake gani shi ne uwar biki ubangida ce ta yini ɗaya, idan aka tashi kowa ya kama gabansa. Sai dai kasuwar ta ragu tun daga ƙarshen shekarun 1990, da waƙoƙin finafinan Kano masu fiyano suka shigo, mai DJ ɗaya da manyan lasifika ya maye gurbin makaɗa biyar a farashi mai sauƙi. Wa'azin malaman da ke ganin kiɗa haramun ne ya rufe masa wasu gidaje, watan azumi kuma babu kiɗa sam, sai dai a nan ne ɗinkin Sallah ke cike gurbin. Kaset ɗaya da ya yi a wancan zamani wani mai shagon kaset ne ya biya kuɗin ɗauka, ya ba shi kuɗi sau ɗaya da 'yan kwafi, ya ci gaba da bugawa shekaru ba tare da ya ƙara masa ko fesuwa ba. Babu takarda tsakaninsu, don haka babu inda zai kai ƙara.

A cikin wannan hali, a wata shekarar zaɓe, wani Alhaji ɗan kwangila na kusa da wani ɗan takara ya aiko a kira shi. Tayin ba ƙarami ba ne: za a biya masa situdiyo, a saya masa babur, a sa shi cikin masu zuwa Hajji, shi kuma ya yi waƙar ɗan takarar ya bi ayarin kamfe, ya kuma saka habaici ga abokin hamayya. Duk wanda ya san Asawase, mazaɓar da unguwarsa ke ciki, ya san nauyin wannan. Mazaɓa ce da jam'iyyar NDC ta daɗe tana ci a tsakiyar yankin Asante inda NPP ke da rinjaye, saboda haka jam'iyyun biyu suna zuba ƙarfi a kanta, kuma rabuwar tana ratsa gidaje da masallatai da bes-bes na samari.

Bai ce a'a a gaban Alhajin ba, domin ba a yin haka. Ya yi godiya, ya ce zai yi shawara da manya, sannan ya tura wani dattijo cikin abokan mahaifinsa ya kai uzuri cewa muryarsa ba ta dace da filin kamfe ba, amma duk ranar da Alhaji ke da aure ko suna zai zo ya yi kiɗa kyauta. Dalilin da ya ba na kusa da shi ya fi wannan fitowa fili: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan shi ne zagin mutumin da yake ɗinka wa 'ya'yansa kayan Sallah. Ya kuma lura cewa waƙar 'yan kayayo tana da daraja ne saboda ba a san ta da jam'iyya ba, ranar da ya hau motar kamfe za a fara tambayar gwamnatin wa yake nufi da ita.

Abin ya ja masa asara. Gidajen da ke tare da Alhajin sun daina kiransa biki na tsawon lokaci, wani matashi mai waƙa da kwamfuta ya karɓi aikin ya sami babur ɗin, uwargidansa kuma ta daɗe ba ta huce ba. Hujjarta tana da ƙarfi, ban ga dalilin raina ta ba: kujerar Makka ba kullum take zuwa ƙofar tela ba, kuma manyan mawaƙan da yake girmamawa, har da Shata, sun yi waƙar siyasa ba su mutu ba. Ni dai ban ɗauki matakin nasa a matsayin jarumta zalla ba. Lissafi ne na mai sana'a da ke da masu ciniki a ɓangarorin biyu, kuma keken ɗinki ne ya ba shi ikon yin lissafin. Makaɗin da ba shi da abin yi sai kiɗa, ga haya ga kuɗin makarantar yara, da wuya ya iya tura dattijo da irin wannan saƙo, kuma ba adalci ba ne a auna shi da mai kukuma.

Inda abin ya tsaya

Hana taruka da aka yi a watan Maris na 2020 saboda korona, da kullen mako uku da ya biyo baya a Kumasi da Accra, ya tsayar da biki da ɗinki a lokaci guda, karo na farko da sana'o'insa biyu suka karye tare. 'Yarsa ce ta fara ɗaukarsa da waya yana kiɗa a tsakar gida tana turawa a WhatsApp. Daga nan 'yan Zango mazauna Jamus da Ingila da unguwar Bronx ta Amurka suka fara aiko da saƙo, wannan yana son a yi wa mahaifiyarsa waƙa, wancan yana son tsohuwar waƙar Libiya, suna biya ta kuɗin waya, tsarin da MTN ta fara a Gana tun 2009. Yanzu wannan hanya tana kawo masa abin da ya kusa na biki, amma ta dawo da tsohuwar matsala da sabuwar fuska, domin yawancin masu aikowa yabo suke so, kuma yakan shafe wata bai taɓa waƙar kansa ba saboda cika alkawarin waƙoƙin suna.

Ta fuskar doka, Gana tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2005, da ƙungiyar GHAMRO da aka kafa a 2011 don karɓar kuɗin waƙa daga masu amfani da ita a raba wa masu ita. Mai kukuma bai yi rajista ba, wani ɓangare saboda waƙoƙinsa ba a gidajen rediyo suka fi yawo ba, a katin waya da WhatsApp suke, inda babu mai ƙirga su. Dokar ta kuma ɗora haƙƙin kayan gargajiya a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, ta ce mai son yin kasuwanci da su ya nemi izinin hukumar kula da al'adun gargajiya ya biya. Wannan ya sa dole ya iya rarrabe karin da ya gada daga tsohon Dogon Dutsi da wanda ya ƙaga da kansa idan zai yi rajista, aikin da bai taɓa zama ya yi ba.

Nasarar King Ayisoba, mai kologo, wani irin molo, daga yankin Bongo, wanda waƙarsa ta ci kyautar waƙar shekara a Gana a 2007 kuma ya riƙa zagaya Turai, ta sa wasu matasa suna ba shi shawarar ya nemi irin wannan hanya. Ya saurare su, amma ya ce ba zai rufe shago ya tafi yawon wata uku ba, kuma ƙarfin waƙarsa a magana yake, wanda bai ji Hausa ba rabin abin kawai zai samu. Abin da ya sa a gaba ya fi wannan ƙanƙanta: yana tara kuɗi don ya ɗauki waƙoƙinsa na kansa a wani ƙaramin situdiyo, kukuma da murya kawai, da takarda a rubuce wannan karon cewa shi ke da su. Mai situdiyon yana matsa masa a ƙara fiyano da ganga ta kwamfuta don samari su saya, har yanzu ba su daidaita ba. Ɗansa na fari ba ya sha'awar kukuma, amma cikin yaran shagonsa akwai wani Badagombe da ya fara zama bayan an tashi aiki, kuma mai kukuma ya riga ya aika Bawku a kawo gashin doki na tsagiya biyu, ya ce yaron zai fara da haɗa tasa.